Layin da na ja a kan tsohon kuɗi bai fito a mel ɗin mai saye ba, me ya jawo?

Sadiku_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya ga masu aikin biro da kwamfuta. Ni nake riƙe wa kawuna takardu, yana lodin albasa daga nan Garwa zuwa Duwala, wani lokacin Injamena. Ran Litinin ya ce in sanar da masu saye biyu cewa ya sauko da kuɗin buhu tunda sabuwa ta fara shigowa kasuwa. Sai na buɗe Gmail a kwamfuta na rubuta tsohon kuɗin 18.000 na ja masa layi a tsakiya, wannan da ake ce wa barre, na sa 15.500 a gabansa. A wajena ya fito tsaf. Na Injamena ya gani daidai har ya amsa da godiya. Na Duwala kuwa sai ga kira da magariba, wai me muke nufi da "18.000 15.500", kuɗi biyu a jere ba layi ba komai, mai lissafinsu har ya ɗauka 18.000 na buhu ne 15.500 kuma na mota. Kawu bai ji daɗi ba sam, ya ce na sa mutane suna ganin kamar muna musu wasa da hankali. Saƙo ɗaya fa na tura wa su biyun. Ta yaya layi zai je wa wani ya ƙi zuwa wa wani?

Maman_Ikram:
Wa alaikumus salam. Kai ma dai Sadiku, maganar kuɗi ai ba a yi mata ado. Ka rubuta sabon kuɗi kaza, shikenan.

Dan_Kusseri:
Rezo ne. Idan rezo ba ƙarfi saƙo yana zuwa da guntu, ni ma yana mini haka da hotuna.

Injiniya_Buba:
Dan_Kusseri ba rezo ba ne ɗan'uwa, da rezo ne da saƙon ma ba zai buɗe ba. Sadiku bari in maka bayani yadda abin yake. Duk lokacin da ka tura mel mai ado, wato mai baƙin rubutu ko kala ko layi, abin da yake fita daga wajenka kashi biyu ne a ambulan ɗaya. Kashi ɗaya HTML ne, shi yake ɗauke da adon, ɗayan kuma rubutu ne zalla, haruffa da lambobi kawai, shi ne kuke gani an rubuta texte brut. Wannan tsarin sunansa MIME, tun 1992 ake aiki da shi. Manhajar wanda ka tura wa ita take zaɓan wanda za ta nuna masa. Na Injamena tasa ta nuna HTML ya ga layin. Na Duwala tasa ta ɗauki rubutu zalla, shi kuwa rubutu zalla ba shi da inda zai ajiye layi, sai layin ya faɗi lambar ta tsaya lafiyarta ƙalau kamar ba a taɓa soke ta ba. Matsalar barre kenan da ta fi ta sauran ado. Baƙin rubutu in ya ɓace ma'ana tana nan, amma layin sokewa in ya ɓace maganar juyewa take yi gaba ɗaya.

Sadiku_Garwa:
Yaya Buba na gode, amma me zai sa mutum ya zaɓi rubutu zalla ga mai kyau a kusa? Kuma kamfani ne babba fa ba ɗan tireda ba.

Injiniya_Buba:
Ai manyan ne suka fi yi. A Outlook akwai saitin da ake kunnawa a ce duk saƙon da ya shigo a karanta shi a rubutu zalla saboda tsaro, dan kar wani ya ɓoye mugun liƙau a cikin ado, kuma sau da yawa mai kula da kwamfutocin kamfanin ne yake kunna wa kowa da kowa. Wasu kuma mel ɗin odar kaya ba mutum yake fara buɗe shi ba, yana shiga wata manhajar lissafi ne ta kwashe rubutun ta zubar da sauran. In kana so ka gani da idonka, buɗe saƙon da ka tura, taɓa ɗigo ukun nan na gefe ka zaɓi Afficher l'original, za ka ga wurin da aka rubuta text/plain da wurin da aka rubuta text/html. Karanta na farkon ka gaya mana abin da ka gani.

Hajiya_Sakatariya_Marwa:
Shekarata 22 ina aikin sakatariya, na fara da keken rubutu tun kafin a kawo mana kwamfuta. A keke in ka yi kuskure xxxx muke bugawa a kan kalmar, kuma duk wanda takardar ta je hannunsa abin da ka buga shi zai gani. Yaran yanzu sun ɗauka mel ma haka yake, alhali mel kowa da gilashin da yake kallonsa da shi. Abin da Buba ya faɗa gaskiya ne, kuma bari in ƙara abu ɗaya da ya taɓa cin mu. An ɗage wani taro daga Talata zuwa Alhamis, yarinyar da nake koya wa aiki ta ja layi a kan Talata ta rubuta Alhamis. Mutum uku suka zo ran Talata, ɗaya tun daga Mokolo ya hawo mota. Su ba saƙon suka buɗe ba, ɗan guntun da yake leƙowa a saman waya suka karanta, shi kuma ba ya nuna ado ko kaɗan, "Taro ranar Talata Alh..." ya yanke. Wallahi ranar na ji kunyar dattijon nan, na rasa bakin ba shi haƙuri.

Aminatu_NDJ:
Hajiya kun taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kuma ko a wurin objet ba a iya jan layi sam, shi kan saƙo rubutu zalla ne a kowace manhaja. Ni yanzu in an canza rana a can sama nake rubutawa da manyan baƙaƙe AN ƊAGE ZUWA ALHAMIS.

Yaro_Mai_Sibar:
Ni a sibar ɗina kullum sai an tambaye ni ina maɓallin yake, bari in ajiye a nan. Gmail na kwamfuta yana cikin jerin kayan ado na ƙasan saƙo, S ne da layi a cikinsa, in ba ka gan shi ba taɓa ƙaramar kibiyar ƙarshe. A 2019 suka sa shi, kafin nan sai mutum ya rubuta a Google Docs ko Word ya kwafo. Gajeriyar hanya Alt+Shift+5 a Windows, Cmd+Shift+X a Mac. Outlook kuma shiga Format du texte za ka ga abc da layi. Thunderbird yana cikin Format, Style du texte, Barré. Excel Ctrl+5. Amma duk wannan in saƙon naka yana kan HTML ne, in ka kunna Mode Texte brut maɓallin ba zai maka aiki ba.

Dan_Kusseri:
To ni a Gmail na wayata na duba na ga baƙi, na ga na kwance, na ga ja layi a ƙasa da kala, ban ga na sokewa ba. Shi yasa nake yin na WhatsApp, in sa ~ gaba da baya kamar ~18.000~

Yaro_Mai_Sibar:
Wannan a WhatsApp kaɗai yake ci, tun 2016 suka kawo shi tare da tauraro na baƙin rubutu. A Telegram guda biyu-biyu ake sawa. A mel kuwa mai karɓa zai ga alamar a zaune kawai yadda ka buga ta. Thunderbird yana gane tauraro da / da _ a rubutu zalla ya yi musu ado, amma na sokewa ba ya cikin waɗanda yake ganewa.

Aminatu_NDJ:
Amma ni a ganina ~18.000~ ɗin ya ma fi aminci fa. Aƙalla alamar ba ta ɓacewa a hanya, kuma wa ye yau bai san ta daga WhatsApp ba? Da Sadiku haka ya tura da na Duwala ya ga akwai wani abu a jikin lambar ya tsaya ya tambaya.

Malam_Umaru_Lisafi:
A'a 'yata, a nan ban bi ki ba. Mu masu lissafi alamar ~ a gaban lamba "kimanin" take nufi. In na ga ~18.000 abin da zan fahimta shi ne kuɗin yana wajen dubu sha takwas, ana iya ciniki. Kin ga an gudu ba a tsira ba.

Aminatu_NDJ:
Gaskiyarku Malam, ban kawo wannan a raina ba.

Bello237:
Akwai hanya mai sauƙi da ba wanda ya faɗa. Shafuka na nan a intanet da za ka rubuta kalma su ba ka ita a soke, ka kwafa ka liƙa ko ina, har objet ɗin da Aminatu ta ce ba a iyawa, har Facebook har SMS. Ni shi nake yi a tallan shagona kuma bai taɓa faɗuwa ba.

Injiniya_Buba:
Bello wannan dabara ce ta Unicode, akwai wata alama mai lamba U+0336 da ake liƙa wa bayan kowane harafi ta hau kansa. Gaskiya ne ba ta faɗuwa a rubutu zalla dan ita kanta harafi ce. Amma dan Allah kar ka sa ta a takardar kuɗi. Na ɗaya, in mutum ya zo neman saƙon bayan wata biyu ya buga 18000 a wurin nema da wuya ya same shi tunda tsakanin kowace lamba akwai baƙon abu. Na biyu in aka kwafa zuwa Excel ba lamba ba ce kuma, ba ta shiga jimla. Na uku ya danganta da irin rubutun wayar mutum, a wata layin yana fita a miƙe, a wata yana kakkaryewa ko ya zame gefe, a tsofaffin wayoyi ma akwatuna ake gani, kuma haruffanmu masu lanƙwasa ƙ ɗ ɓ sun fi shan wahala saboda dama ba kowane irin rubutu yake da su ba. A SMS kuma da ka sa ta saƙo ɗaya ya sauko daga harafi 160 zuwa 70, ga shi kowane harafi ya zama biyu, kiredinka ne zai gaya maka.

Bello237:
To talla dai nake yi ba faktir ba, kuma kwastomomina suna gani suna zuwa. Tsohon kuɗi a soke kusa da sabo yana jan mai saye, wannan kowane ɗan kasuwa ya sani, ba za ku ce a daina ba dan kwamfutar wani kamfani ba ta nunawa.

Maman_Ikram:
Talla daban ciniki daban Bello. A talla in layi ya faɗi mutum zai zo shago ya tambaya. A ciniki an riga an loda kamiyo.

Usumanu_Ngaundere:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai waɗanda ba a tuna da su ba. Ƙanwar matata ba ta gani, da manhaja mai karanta allo take aiki, NVDA a kwamfuta, a waya kuma TalkBack. Irin waɗannan manhajojin yawanci ba sa faɗin cewa an soke kalma sai in an shiga saiti an kunna, karanta ta kawai suke yi su wuce. Ko da HTML ɗin ya iso lafiya ita abin da za ta ji shi ne Talata Alhamis, daidai da dattijon Hajiya. Na Bello kuwa ya fi muni, na taɓa zama kusa da ita aka turo irinsa a guruf ɗin ƙungiyarsu, muryar ta dinga tsinka kalmar tana sambatu, ta mayar sau uku ba ta gane ba sai da ta miƙo mini wayar. Yarinya ce mai son yin abinta da kanta, na ga yadda ranta ya ɓaci. Tun ranar in zan gyara magana da baki nake faɗa, in ce waccan ranar an fasa, ga sabuwa.

Hajiya_Sakatariya_Marwa:
Allah ya saka maka da alheri Usumanu, Allah ya ƙara mata lafiya. Wannan ko ni ban taɓa tunaninsa ba.

Tchad_Dev:
Ga masu tura saƙon talla ko na ƙungiya da suke rubuta HTML da hannu. Hanya huɗu ce, <strike> da <s> da <del> sai CSS, wato umarnin ado da ake haɗa wa HTML, text-decoration: line-through. <strike> tsohuwa ce, HTML 4.01 na 1999 ya sa ta cikin waɗanda ake so a bari, HTML5 kuma ya fitar da ita, duk da haka manhajoji suna nuna ta har gobe. <s> ita HTML5 ya bar wa abin da ya daina zama daidai, kamar tsohon farashi. <del> kuma na abin da aka cire daga takarda ne, abokiyarta <ins>. Ni <s> nake sawa in ƙara CSS ɗin a jikin alamar kanta, saboda wasu manhajojin suna yar da style ɗin da aka tara a saman saƙo. Kuma ku tuna Outlook na asali na Windows, ba sabon ba, tun 2007 da injin Word yake nuna HTML, layi mai sauƙi yana fita amma kar ka wahalar da kanka da canza masa kala ko kauri.

Injiniya_Buba:
Daidai. Kuma wanda yake rubuta HTML da hannu shi yake da ikon rubuta kashin text/plain ɗin da kansa, sai ya sa "da 18.000, yanzu 15.500". Mai Gmail ba shi da wannan damar, manhajar ce take ciro masa.

Tchad_Dev:
Tsofaffin 'yan kwamfuta ma da suka rasa layi a rubutu zalla ^H^H^H suke bugawa bayan kalma, alamar maɓallin gogewa kenan, kowace ɗaya harafi ɗaya. Matsalar ta girmi yawancinmu a gidan nan.

Dan_Kusseri:
To ni dai in haka ne kaptir zan dinga yi in tura hoto, hoto ai ba ya canzawa.

Aminatu_NDJ:
In ka liƙa shi a matsayin fayil to, amma hoto ba a kwafan lamba daga cikinsa, ba ya fitowa a nema, kuma 'yar'uwar Usumanu ba abin da za ta ji. Mu a biro PDF muke yi. Proforma, wato takardar farashi, sabuwa, lamba sabuwa, kwanan wata, a rubuta a sama cewa ta soke ta baya ta maye gurbinta. A jikin mel ɗin layi biyu kawai.

Malam_Umaru_Lisafi:
Wannan shi ne aiki. Kuma Sadiku ɗana ka saurara, akwai abin da ya fi kiran magaribar nan haɗari. A ce na Duwala ya amsa maka daga manhajarsa ta rubutu zalla ya ce "mun amince". Saƙonka da zai biyo a ƙasan amsarsa ba layi a ciki, kuɗi biyu ne a tsaye. Bayan wata uku in rigima ta tashi aka buga takardar aka kai gaban manyan kasuwa ko gaban alƙali, wanne aka amince da shi? Kai ka ce na soke, shi ya ce ga takarda ba a soke ba, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinku. Ku duba yadda ake yi a takardun notaire, mai tabbatar da takardu a hukumance, da rajistar haihuwa mana, in aka ja layi a kan kalma sai an ƙirga kalmomin da aka soke an rubuta adadinsu an sa hannu. Su da suke da tawada da takarda a gabansu ma ba su yarda da layi shi kaɗai ba.

Hajiya_Sakatariya_Marwa:
Mots rayés nuls, wato kalmomin da aka ja wa layi ba sa aiki, haka muke rubutawa. Malam kun tuna mini da da.

Yaro_Mai_Sibar:
Wani abu kuma tunda ana maganar Outlook, na asalin yana da tsari uku, HTML da texte brut da texte enrichi. Na ukun nan nasu ne na cikin gida, in ka tura wa wanda ba Outlook yake amfani da shi ba wani lokacin adon duka yana tafiya, sai mutum ya ga wani fayil winmail.dat da ba ya buɗuwa. In za ku ja layi ku tabbata kan HTML kuke.

Bello237:
Har yanzu dai ban ga dalilin da za a ce a bar layin gaba ɗaya ba. In ana gyaran doguwar magana, misali dokokin adashi ko na ƙungiya, layi ne yake nuna wa mutane abin da aka cire ba sai an yi ta bayani ba.

Usumanu_Ngaundere:
Ba wanda ya ce haramun ne Bello. Ka ja layinka amma ka haɗa da kalma, ka rubuta "an cire:" a gaban wanda ka soke, "sabo:" a gaban ɗayan. In layin ya isa ya ƙara haske, in ya faɗi maganar tana nan.

Aminatu_NDJ:
Na dokoki kuma ai Word ya fi, ka kunna Suivi des modifications kowa ya ga wa ya cire me da yaushe. Kuma a kula, abin da aka ja wa layi yana nan fa ana karantawa. Na taɓa ganin wanda ya soke wata magana mai zafi a kan abokin aikinsa ya tura a haka, a zatonsa ya janye ta. Har yau ba sa gaisawa yadda suka saba.

Sadiku_Garwa:
Jama'a na dawo, kuran ne, wato lantarki, ya ɗauke tun azahar. Yaya Buba na buɗe Afficher l'original kamar yadda ka ce, wallahi ga shi nan a sashen text/plain, 18.000 15.500 a jere ba komai a tsakaninsu, daidai abin da mutumin ya karanta mini a waya. Na juya wa kawu kwamfutar ya sa tabarau ya duba da kansa, ya yi shiru sannan ya ce to a sake rubutawa yadda ko a rediyo aka karanta za a gane. Na tura sabo na ce kuɗin buhu daga yau 15.500 ne, na baya 18.000 an soke shi, kuɗin mota yana nan yadda aka saba, na liƙa proforma a PDF yadda Anti Aminatu ta ce. Sun amsa sun ce a loda ran Asabar. Useko gaba ɗaya, Malam Umaru Allah ya ƙara girma.

Bello237:
Ma sha Allah. Amma ka ga na Injamena da ya ga layin ai shi ya fara amsawa.

Maman_Ikram:
Shi ma a tura masa sabon Sadiku, kar gobe ya tura wa yaronsa ta wata hanya layin ya faɗi a can.

Dan_Kusseri:
Injiniya to in teburin Excel ne na kwafo cikin mel, mai layuka wajen 40 an soke guda 6 da suka ƙare a sito, shi ma haka zai yi? Dan gobe da safe zan tura wa patron.

Injiniya_Buba:
Haka zai yi, har layukan teburin ma za su rushe a rubutu zalla. Ƙara layi ɗaya na tsaye a gefen teburin ka rubuta "ya ƙare" a gaban guda 6 ɗin, sannan ka tura fayil ɗin kansa. In ka gama turo mini ta gefe in duba maka kafin ka kwanta.